Amana da Wa'adi: Hannun Gerrit Cole Na Wane Ne?

A wasan besbol, wanda Amurkawa da Japanawa da mutanen tsibiran Karibiyan suka ɗauka da zafi kamar yadda muka ɗauki tamaula, kusan komai daga hannun mutum ɗaya yake farawa. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tsakaninsa da mai riƙe da kulki mita 18 da ɗoriya, ya wurgo ƙwallo. In mai kulkin ya kasa samunta sau uku, an fitar da shi ke nan. A kakar 2019 babu hannun da masu kulki suke shakka kamar na Gerrit Cole na ƙungiyar Houston Astros. Sau 326 ya fitar da mutum da jifa zalla, ya ci wasa 20 aka ci shi 5, kuma tun daga ƙarshen watan Mayu ba a sake rubuta masa faɗuwa ba sai da aka kai gasar ƙarshe ta World Series a watan Oktoba. Ƙwallonsa takan wuce gudun kilomita 155 a awa. A wasa ɗaya da Tampa Bay, a zagayen fitar da gwani, mutum 15 ya mayar benci. Amma duk tsawon waɗannan watanni, abin da jaridu da gidajen rediyo suka fi tattaunawa ba jifan ba ne, inda zai koma ne, domin kwantiraginsa zai ƙare da ƙarewar kakar. Wasu suka ce Angels zai nufa tunda a kudancin Kalifoniya ya tashi, wasu suka ce Dodgers, wasu suka ce Yankees ta New York, wadda yake so tun yana yaro.

A daren 30 ga Oktoba, Washington Nationals ta doke Houston a wasa na bakwai, ta ɗauke kofin. Cole ya fito gaban 'yan jarida sanye da hular kamfanin wakilinsa Scott Boras, ba hular Astros ba, ya kuma nuna cewa shi yanzu ba ma'aikacin ƙungiyar ba ne. A watan Disamba ya amince da kwantiragin shekara 9 da Yankees a kan dala miliyan 324, mafi tsada da aka taɓa ba mai jifa a lokacin. Mutanen Houston da yawa sun ji zafi, kuma kalmar da ta fi kusa da abin da suka ji ita ce cin amana. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan zafi ta girmi besbol nesa ba kusa ba: wanda Allah ya ba baiwa, jama'a suka so shi saboda ita, wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki saboda ita, mene ne ake bin sa, kuma har zuwa yaushe? Ra'ayina shi ne amanar ɗan ƙwadago tana cikin aikin da ya yi a tsakanin wa'adin da aka yanka, ba a cikin zaman da zai yi bayan wa'adin ya cika ba. Wanda ya cika aikinsa ya tafi bai ci amanar kowa ba, ko da tafiyar tasa ta sosa zuciya.

Addini bai bar wannan batu a duhu ba. A Suratul Ƙasas an ba da labarin Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a ƙasar Madyana, inda ɗaya daga 'ya'yan dattijon nan ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa. Abin lura shi ne yadda aka ƙulla yarjejeniyar: shekara takwas, in ya cika goma to daga kyautatawarsa ne, kuma aka bayyana tun farko cewa duk wanda ya cika a cikin wa'adin biyu babu laifi a kansa. Da wa'adi ya cika, ya ɗauki iyalinsa ya kama hanya. Ba ana gwama Annabi da ɗan wasa ba ne, Allah ya tsare. Hukuncin ake dubawa. Dattijon ya ba shi mafaka yana gudun hijira, ya ba shi 'ya, ya ba shi abinci, duk da haka wannan alheri bai mayar da wa'adin shekara goma ya zama na har abada ba. A kan wannan ne malaman fiƙihu suka gina babin ijara, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san sharuɗɗan biyu da ake fara ambata: a yanka wa'adi, a faɗi lada. Ijarar da ba a san ƙarshenta ba garari ce. Ranar ƙarewa ita ce ke raba ɗan ƙwadago da bawa, domin da ita ne ake gane cewa aikin mutum aka saya na ɗan lokaci, mutumin kansa yana nan a hannun kansa.

Tarihin besbol ya gwada wannan a aikace, ya kuma gwada shi da tsada. Tun 1879 masu ƙungiyoyi suka fito da wani sharaɗi da ke ba su ikon riƙe ɗan wasa bayan kwantiraginsa ya ƙare, su sabunta shi shekara bayan shekara. Ɗan wasa ko ya karɓi abin da aka ba shi ko ya bar sana'ar, su kuwa suna iya sayar da kwantiraginsa ga wanda suka ga dama ba tare da sun tambaye shi ba. Kusan shekara ɗari ana haka, ana kuma kiran sa biyayya. A ƙarshen 1969 St. Louis Cardinals ta miƙa Curt Flood, baƙar fata da ya yi mata wasa shekara 12, ga Philadelphia. Ya ƙi zuwa, ya rubuta wa shugaban hukumar wasan, Bowie Kuhn, cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba da son ransa ba. Albashinsa dala 90,000 ne a lokacin, kuɗi mai kauri, saboda haka mutane da yawa suka yi masa dariya. Ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ya faɗi a 1972, sana'arsa kuma ta mutu a kan hanya. Masu jifa ne suka ƙarasa abin da ya fara. A 1974 mai ƙungiyar Oakland, Charlie Finley, ya saɓa wani sashe na biyan Catfish Hunter, alƙalin sasanci Peter Seitz ya ce kwantiragin ya warware, sai ga mutumin da ake biya dala 100,000 a shekara ya sami sama da miliyan uku na shekara biyar a wurin Yankees. A ranar kowa ya ga girman abin da ake danne wa 'yan wasa. A Disambar 1975 Seitz ya sake yanke hukunci a kan Andy Messersmith da Dave McNally, tsohon sharaɗin ya rushe, a 1976 kuma aka daidaita cewa bayan shekara shida a babbar gasa ɗan wasa yana da 'yancin zuwa inda ya so. Ƙwallon ƙafar Turai sai da ta jira shekara 20 kafin hukuncin Bosman na 1995 ya buɗe irin wannan ƙofa.

Daga wannan tarihi wani abu yake fitowa wanda masu kukan lalacewar biyayya ba su cika lura da shi ba. Bob Gibson, wanda a 1968 ya yi kakar jifan da har yau ake ba da labari, ya yi rayuwar wasansa duka a St. Louis, daga 1959 zuwa 1975. Clayton Kershaw shi ma ya yi tasa duka a Dodgers, kaka 18, daga 2008 zuwa 2025. A takarda zamansu iri ɗaya ne. Amma Gibson ba shi da ƙofar fita, don haka zamansa bai gaya mana komai game da zuciyarsa ba; wataƙila da an buɗe masa zai zauna, wataƙila zai tafi. Kershaw kuwa ƙofa ta buɗe masa ba sau ɗaya ba, ya waiwaya ya zauna. Zamansa ne ya cancanci a kira shi riƙon zumunci, kuma abin da ya ba shi wannan daraja shi ne ainihin 'yancin da Cole ya yi amfani da shi ya tafi. Ba zai yiwu a yabi mai zama da gaske ba sai an yarda cewa tafiya halal ce. In tafiya haramun ce, zama ya zama tilas, tilas kuwa ba a gode wa mutum a kanta.

Akwai mai cewa: to ai duk wannan bajinta ta 2019 talla ce, mutumin yana baje hajarsa ne don masu saye su gani, ba don Houston yake yi ba. Niyya tana da nauyi, babu mai musun haka, amma a wurin wanda ya san zukata. Haƙƙin wanda ya ɗauki mutum aiki shi ne aikin, cikakke, ba ha'inci, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ma'aikacin da ya ƙware don a ƙara masa daraja a kasuwa bai tauye ubangidansa da komai ba. Ha'incin da ya kamata a ji tsoro shi ne akasin haka, wato mutum ya riƙa tattalin jikinsa a kan kuɗin wani saboda cinikin gobe. A nan ne hujjar ta juya wa masu ita baya. Hannun mai jifa abu ne mai saurin lalacewa, shi ya sa aka saba ba shi hutun kwana huɗu tsakanin wasa da wasa. Cole ya yi jifa zagaye bakwai a wasa na biyar na World Series ranar 27 ga Oktoba, maki ɗaya kacal aka ci a kansa. Ranar 30 ga wata, da hutun kwana biyu, ya tashi yana motsa hannu a gefen fili yana jiran a kira shi, alhali ɗaruruwan miliyoyin dala suna rataye a kan jijiyar gwiwar hannun nan, kuma saura 'yan awoyi kwantiraginsa ya ƙare. Kocinsa A. J. Hinch ne bai sa shi ba. Mai lissafin kansa kaɗai ba ya miƙa hannunsa a irin wannan dare.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta butulci. Gaskiya ne Cole da ya zo Houston a Janairun 2018 ba shi ne wanda ya bar ta ba. A shekarunsa na ƙarshe a Pittsburgh ya fara zama gwani na tsaka-tsaki. Masu nazarin alƙaluma na Houston ne suka nuna masa ya rage jifan da ke nutsawa ƙasa, ya riƙa harba mai sauri can sama, ya ƙara yawan masu lanƙwasa. Wani kaso na wannan 326 nasu ne. Ashe ba a bin sa godiya? Ana bin sa, kuma godiya ba ƙaramin bashi ba ce. Sai dai ba irin bashin da ake riƙe mutum jingina a kansa ba ne. Telan da ya koya wa yaro ɗinki yana da haƙƙin girmamawa da gaisuwa da ambaton alheri har ƙarshen rayuwa, amma ranar yaye tana zuwa, kuma maigidan da ya hana yaronsa buɗe shago da sunan na koya maka, mutanen kasuwa sun san sunan da suke kiran sa. Ban da haka, Houston ba sadaka ta yi ba. Ta biya shi dala miliyan 6.75 a 2018 da miliyan 13.5 a 2019, na biyun ma sai da aka je gaban masu sasanci ya yi nasara a kanta, ta kuma sami aikin da kasuwa ta kimanta da miliyan 36 a shekara 'yan makonni bayan haka. Ilimin da ta ba shi ta ci ribarsa tun yana hannunta. Abin da ta miƙa masa a hukumance da kakar ta ƙare shi ne tayin shekara ɗaya na dala miliyan 17.8, tayin da kowa ya san za a ƙi, wanda amfaninsa shi ne ƙungiya ta sami diyyar zaɓen sabon matashi in ɗan wasan ya tafi.

Magoya baya su ne na fi tausaya wa, kuma su ne amsar ba ta gamsar da su, domin su ba su sa hannu a kowace takarda ba. Uba ya saya wa ɗansa riga mai lamba 45, lambar Cole, sun yi watanni suna tsara mako a kan ranar da Cole zai hau tudu, sannan a wayi gari ya sa rigar abokan gaba. Wannan ƙauna ta gaske ce, ita ce ma take sa wasan ya zama abin da ake biyan miliyoyi a kansa, kuma wanda ya raina ta bai fahimci inda abincinsa yake fitowa ba. Amma ƙauna ba ta haifar da mallaka, ko a tsakanin iyaye da 'ya'ya, balle tsakanin ɗan kallo da ɗan wasa. Abin da take wajabtawa shi ne kara: a yi sallama da kyau, a ambaci alheri, a bar mutane su gama jimami. A nan kam Cole ya gaza a daren nan. Sa hular wakili alhali abokan wasa suna cikin baƙin cikin rasa kofi rashin kara ne, ko da washegari ya fitar da saƙon godiya ga mutanen birnin. Laifin ladabi ne, ana iya jin haushinsa, amma ba shi ne cin amana ba, kuma haɗa su wuri ɗaya yana rage wa kalmar amana nauyi. Wani abin mamaki kuma shi ne yadda fushin 'yan kallo yake sauka a kan ɗan wasa ya tsallake mai ƙungiya. Pittsburgh ta sayar da Cole ba ta tambaye shi ba, ta karɓi 'yan wasa huɗu, aka ce dabara ce. Dodgers ta bar Brooklyn ɗungurungum ta koma Los Angeles a 1958. Ita kanta Nationals da ta ci kofin nan, a Montreal take kafin ta yi ƙaura a 2005. Athletics ta bar Oakland bayan kakar 2024, ta bar mutanen da suka bi ta sama da shekara 50. In biyayya ga gari wajibi ce, to ba a kan ma'aikaci ya kamata a fara neman ta ba.

Sai batun kuɗin. Dala miliyan 324 don wurga ƙwallo adadi ne da yake sa mai hankali ya yi shiru, musamman in ya tuna albashin malamin makaranta ko ungozoma. Wannan damuwa tana da tushe, amma ƙorafi ne a kan yadda duniya take kimanta abubuwa, ba a kan mai jifan ba. Kuɗin suna nan ko ya karɓa ko bai karɓa ba, daga tikiti da talabijin da talla. In ya bar su, aljihun mai ƙungiya za su koma, ba asibitin kowa ba. Ko kwaɗayi ne ya ja shi ko son ƙungiyar ƙuruciyarsa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, haka ma abin da zai yi da dukiyar. Wanda ya yi imani cewa baiwa aro ce daga Allah ya kamata ya fi kowa gane cewa aron yana da wa'adin da mai shi bai sani ba. Sandy Koufax ya ajiye wasa yana da shekara 30, a ƙarshen 1966, yana kan ganiyarsa, saboda gwiwar hannunsa ta ƙi. Stephen Strasburg, gwarzon gasar da Cole ya rasa, ya zaɓi zama a Washington a makon da Cole ya zaɓi tafiya, aka ba shi miliyan 245 na shekara bakwai, aka yabe shi. Bayan nan wasa takwas kawai jikinsa ya bar shi ya fara kafin ya yi ritaya a 2024. Shi ma Cole, bayan ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa a 2023, jijiyar ta tsinke, aka yi masa tiyata a Maris na 2025, kakar ta wuce bai jefa ko ɗaya ba. Ƙaddara ba ta bambanta wanda ya zauna da wanda ya tafi ba. Mutumin da ya san arzikinsa yana rataye a kan zare irin wannan, kuma sau ɗaya tak zai sami damar yin ciniki da bakinsa yana da ƙarfi, ban ga dalilin da za a zarge shi don ya yi cinikin da kyau ba.

In ana neman inda maganar amana take da haƙori a wannan wasa, a shekarun farko take, kafin ƙofar ta buɗe. Matashi ba ya zaɓen ƙungiyarsa, ita ke zaɓen sa. A shekara uku na farko kusan duk abin da ta ga dama take biyan sa muddin bai gaza mafi ƙarancin albashi ba, a uku na biyu sai ta hanyar sasanci. Pittsburgh ta ba Cole dala miliyan 8 na sa hannu da ta ɗauke shi a 2011, wannan ba a ɓoye shi. Amma bayan ya ci mata wasa 19 a 2015, albashin da ta yanka masa na shekara mai zuwa dala 541,000 ne. Hadisi ingantacce da Bukhari ya ruwaito ya lissafa mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi aiki cikakke bai ba shi ladansa ba. Ba zan ce ƙungiyoyin besbol sun faɗa ƙarƙashin wannan kai tsaye ba, tunda abin da aka rubuta suna biya, kuma ƙungiyar 'yan wasan ce ta amince da tsarin. Amma gargaɗin ya nuna ɓangaren da shari'a ta fi sa wa ido, kuma ba ɓangaren ma'aikaci ba ne. Yanzu haka wannan Pittsburgh ɗin tana da wani hannun, Paul Skenes, wanda ta zaɓa na farko a 2023, ya zama gwarzon sababbi a 2024, ya ci Cy Young a 2025 da albashin da bai kai dala miliyan ɗaya ba. Sai bayan kakar 2029 zai sami ikon zaɓen inda zai yi aiki, amma tuni aka fara cacar bakin ko Yankees ce za ta ɗauke shi ko Dodgers, ko kuma ƙungiyar tasa ce za ta sayar da kwantiraginsa kafin ranar ta zo.